A RUBUTA, KO NA KWANO ƊAYA NE

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Kura da Bunkure, shugabannin mata na mazaɓu tun daga Karfi, Kosawa, Ɗanhassan da Gundutse har zuwa Gafan, Barkum, Gurjiya da Kumurya, ina yi muku fatan alheri, ya gida, ya yara, ya aikin shinkafa. Wannan shi ne bayanin da na yi a zamanmu, na sa an rubuta shi don waɗanda ba su samu zuwa ba. Wadda ta iya karatu don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta.

Yau ba maganar zaɓe ba ce. Maganar bashi ce, kuma na san da na ambata wasu sun gyara zama. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu kuwa a wannan yanki namu ya fi na kowa tsawo, don tun da aka tare ruwa a Tiga zamanin Gwamna Audu Baƙo aka jawo kanal ya ratsa Bunkure, Kura da Garun Malam, noma ba ya tsayawa a nan. A gama shinkafar damina, a shiga alkama da tumatur da albasa da masara. Gonar da ba ta hutawa kuwa kullum tana neman kuɗi: iri, taki, maganin feshi, man inji, 'yan ƙwadago. Ku da kuke cikin gida kuna turara shanshera kuna aikawa inji, ku ne bankin da ya fi kusa da manomi. Miji zai zo, ƙani zai zo, ɗan miji zai zo. Kuma kusan duk kuɗin nan da baki suke fita, da "in an yi kaka zan ba ki".

Ke da kika yi Islamiyya ko ta dare ce, kin san ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. Ba a kan salla ta sauka ba, ba a kan azumi ba. Aya ta 282 ce a Suratul Baƙara, malamai suna kiranta ayar bashi, ita kaɗai ta cika shafi guda a mushafin da ke hannunmu. Ki duba inda Allah Ya ajiye ta. Kafin ita an yi maganar ciyarwa da sadaka, sai aka zo da hani mai tsanani a kan riba, sai aka ce a saurara wa wanda yake cikin ƙunci, sannan aka kawo yadda za a yi bashi. Abin da ayar ta ƙunsa a taƙaice: in an ƙulla bashi zuwa wani lokaci sananne a rubuta shi, mai rubutu ya yi adalci, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba. Har dalili aka faɗa mana, cewa hakan ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya fi nisanta mu daga shakka. Cinikin hannu da hannu, ba ni gishiri in ba ki manda, shi ne aka ce ba laifi in ba a rubuta ba.

Akwai wani wuri a ayar da mutane suke tsallakewa, ni kuwa nan ne ya fi burge ni. Wanda ake bi bashin, shi aka ce ya yi shifta, wato ya faɗa da bakinsa a rubuta. Ba mai kuɗin ba. To kin ga ashe ba ke mai bayarwa ya kamata ki riƙa jin nauyin cewa "a kawo takarda" ba. Wanda ya zo karɓa, shi addini ya ɗora wa ya ce "rubuta, ana bi na kaza". In mai karɓa ya fara faɗa, ina zancen rashin yarda ya shigo? Saboda haka ke ma ranar da kika je rance, kada ki jira a tambaye ki. Ki ce Hajiya, a ɗauko biro. Wallahi ƙimarki za ta ƙaru a idonta, gobe ma in kin dawo ba za ta ɓoye miki jaka ba.

Na san wata za ta ce, to wajibi ne? Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa umarnin na nuni ne zuwa ga abin da ya fi, don ayar da ke biye ta yi maganar wanda aka amince masa ya mayar da amana. Wasu magabata kuma, irin su Imamu Ɗabari mai tafsiri, sun ce wajibi ne. Ni ba malama ba ce, ba zan raba musu gardama ba. Amma ko a ce mustahabbi ne, tun yaushe muka zama masu raina mustahabbi? Mu da muke rige-rigen azumin Sitta Shawwal da nafilar walha? Sai da aka zo kan abin da zai kare haƙƙin mutane sannan muka tuna ba farilla ba ne.

Bari in zo kan wadda ta fi ci mini rai, bashi tsakanin mata da miji. Dukiyar mace tata ce, Musulunci bai haɗa aljihunki da na maigida ba. In kin ba shi kyauta, Allah Ya ba ki lada, ba ruwan kowa. In kuwa rance ne, to rance ne. Ki ɗauki misali: lokacin zuba taki ya yi, maigida ba shi da ko sisi, kika sayar da tumakinki biyu da sarƙarki, kika haɗa masa naira dubu 400. Daga ke sai shi a ɗaki, ko kishiya ba ta sani ba, don kina rufa masa asiri. Kafin a yanke shinkafa Allah Ya yi masa rasuwa. Shari'a ta ce kafin a raba gado sai an fitar da bashi, wannan yana nan cikin ayoyin gado a Suratun Nisa'i. Da akwai takarda ko shaida, dubu 400 ɗinki za a ware miki cif kafin kowa ya taɓa komai. Babu takarda, babu shaida, kika buɗe baki ranar rabon gado, me kike zaton dangin miji za su ce? "Tun ba a yi arba'in ba ta fara." Kuɗinki ya narke cikin dukiyar mamaci. Mata in akwai 'ya'ya tumuni suke samu, kashi ɗaya cikin takwas, kuma su raba a tsakaninsu. Tumunin dubu 400 dubu 50 ne. In ku biyu ne, dubu 25 ya zo hannunki daga cikin kuɗin da gaba ɗayansa guminki ne. Sauran ya tafi ga magada, suna ci ba su san haƙƙin wata suke ci ba.

Kuma ba ke kaɗai aka cuta ba, shi ma da yake kwance an cuce shi. Ya tabbata a hadisi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Ya tabbata cewa wanda ya yi shahada ana gafarta masa komai ban da bashi. An taɓa kawo gawa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, da aka ce e kuma bai bar abin biya ba, sai ya ce sahabbai su sallace shi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya yi masa salla. To ke da kike son mijinki, wace soyayya ce ki bar shi da nauyin da ba wanda ya sani balle ya sauke masa? Kunyar da ta hana ki cewa "Malam, mu rubuta" ita ce za ta bar shi a rataye. A wurin jana'iza ana tashi a ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya ga iyalinsa. Mace tana cikin gida tana takaba, wa zai tashi ya faɗi nata?

Ga yadda mutanen farko suka ɗauki abin. Sahabi Zubairu ɗan Awwam, in mutum ya kawo masa ajiya sai ya ce a'a, a mayar da ita rance a kansa, don in ta salwanta ya zama shi zai biya. Da ya ji ajali ya matso, wasiyyar da ya fi damuwa da ita ga ɗansa Abdullahi ita ce bashin nan. Abdullahi ya sayar da filaye ya biya, sannan ya ƙi raba gado sai da ya yi shekara 4 yana shela a lokacin aikin Hajji, ko akwai sauran mai bin mahaifinsa. Shekara huɗu magada suna jira. Mu kuwa ran sadakar bakwai an fara auna gona da igiya.

Sai maganar bada kaka, wadda kowa a nan ya san ta. Ki ba manomi kuɗi yanzu, ya kawo miki shanshera in an yi girbi. Wannan ciniki yana da asali a addini, sunansa salam. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina ya tarar suna biyan kuɗin dabino tun shekara ɗaya ko biyu kafin a same shi. Bai hana ba, amma ya sa sharaɗi: ma'auni sananne, nauyi sananne, lokaci sananne. Abdullahi ɗan Abbas ma ya ce ayar bashi ta haɗa da irin wannan cinikin. To mu auna namu da wannan sharaɗin. "Zan kawo miki buhu uku." Wane irin buhu? Mai kwano nawa? Jamila ce ko sipi? Busasshiya ko wadda aka ɗure da danshinta, in kin shanya ta buhu ya koma kashi uku cikin huɗu? An sheƙe ta ko da ƙaiƙayi da tsakuwa? A gona za ki ɗauka ko shi zai biya mai kurkura ya kawo miki ƙofar gida? Kowace tambaya a nan na ga ta raba zumunci. Malamanmu na Malikiyya sun yarda a sa lokacin girbi ya zama wa'adi tunda sananne ne a gari, amma sun ce kada a ɗaure cinikin da amfanin wata gona guda. Ma'ana, abin da kike bi shinkafa ce mai siffa kaza a wuyansa, ba "abin da gonata ta bakin kanal ta bayar" ba. Hikimar a fili take. Kun tuna 2016 da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye tumatur a Kadawa da kewaye, kwando ya gagari mutane a Kwanar Gafan? Kun tuna lokacin da aka tsayar da ruwa don gyaran kanal? Wanda ya jingina alkawarinsa da gona ɗaya, ranar da gonar ta ƙi sai ya ce ai ba shi ya ƙi ba.

A nan zan ja kunnenmu mu masu bayarwa. Rubutu ba ya halatta haram. Ki ba da buhu ɗaya rance a mayar miki da ɗaya da rabi, riba ce, ko da lauya ne ya rubuta. Ki ba da dubu 50 a mayar da dubu 60, riba ce. Mu a nan kalmar kuɗin ruwa ma biyu ce: akwai wanda manomi yake biyan hukumar Haɗeja Jama'are don a sako masa ruwa a gona, wannan haƙƙi ne, a biya. Ɗayan kuwa wuta ce. Haka jinginar gona: jingina kanta halal ce, aya ta 283 ta ambace ta, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Amma ki ranta wa mutum kuɗi, ki riƙe gonarsa kina nomawa rani da damina shekara da shekaru, sannan ya dawo miki da kuɗinki cif, wannan ki je ki zauna da malamin da ya san fiƙihu kafin ki shiga, don ƙa'idar da muka karanta ita ce rancen da ya jawo wa mai shi amfani riba ne. Kuma in wa'adi ya yi kika ga da gaske mutum ba shi da shi, aya ta 280 ta ce a jira shi har ya samu, in kin yafe ya fi miki. Takarda ba sanda ba ce ta dukan talaka. Shi kuma mai hali da yake ja wa mutane rai, yana da kuɗin sabon babur ba shi da na biyan bashi, hadisi ya kira wannan zalunci.

Wani abin da ya sa rubutu ya zama dole a zamanin nan shi ne yadda farashi yake tsalle. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kun ga yadda buhu ya riƙa tashi, daga baya kuma ya zo ya faɗo. Sai rigima ta tashi: ita tana cewa "kuɗin buhu biyu na ba ka", shi yana cewa "naira kaza kika ba ni". In shinkafa ta yi tsada ita buhu take so, in ta faɗi kuma kuɗi take so. Shi ma haka, ta inda ya fi masa sauƙi yake tunawa. Ba lallai wani ya yi ƙarya da gangan ba, zuciya ce take tuna abin da ya yi mata daɗi. Abin da aka ranta, irinsa da adadinsa ake mayarwa. In naira ce a rubuta naira, in shinkafa ce a rubuta shinkafa, tun ranar farko.

Kada kuma alat ya ruɗe ki. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 kowa ya koyi tiransifa, har tsofaffi sun san mai POS. Alat yana nuna kuɗi ya fita daga wurinki ya shiga wurin wane. Bai ce rance ba ne, bai ce kyauta ba ce, bai ce kuɗin ciniki ba ne, bai faɗi ranar biya ba. Balle in ta asusun mai POS aka tura, ko sunanki babu. A gaban alƙali ko a ofishin Hisba, mai da'awa shi ake nema ya kawo hujja, wanda ya musa rantsuwa ce tasa. In ya dafa Alƙur'ani ya rantse, ke kuma ba ki da komai, sai ki koma gida da "Allah Ya isa".

To yaya za a yi, tunda yawancinmu muna cikin gida, ba ma zama da maza? Ayar ta ce shaidu maza biyu, in babu to namiji ɗaya da mata biyu, don in ɗaya ta manta ɗayar ta tuna mata. Ga kuma abin da mata da yawa ba su sani ba: a Risala da muke karantawa a Islamiyya, an bayyana cewa shaidar mata tana karɓuwa a sha'anin dukiya, kuma mata biyu tare da rantsuwar mai haƙƙi ana yin hukunci da su. Kin ga kenan ba ki da uzuri. Maƙwabciyarki da malamar Islamiyyarku sun isa su zauna. Ki zaɓi masu gaskiya waɗanda ba su da wani amfani a cikin kuɗin, kuma ba 'yarki ko mahaifiyarki ba, don shaidar ɗa ga iyaye ko iyaye ga ɗa ana iya ture ta. Ke kuma da aka kira shaida, ayar ta hana ki noƙewa, kuma ta hana a cutar da ke ko mai rubutu. A daina gaba da mace don ta faɗi abin da ta gani.

Rubutun ba wani turanci ake nema ba. 'Yarki ta sakandare za ta iya, da boko ko da ajami, a littafin makaranta mai layi. Ga yadda zai kasance: "Ni wance 'yar wane, ta unguwa kaza, na karɓi rancen naira kaza daga hannun wance, yau ranar kaza ga watan kaza. Zan biya ranar kaza, gaba ɗaya ko kashi kaza. An yi a gaban wance da wance." Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A rubuta adadin da lamba, a kuma rubuta shi da kalmomi, don sifiri ɗaya ba ya da wuyar ƙarawa. A yi kwafi biyu, a ɗauki hotonsa a waya. In ba mai rubutu a kusa, mai karɓa ta yi saƙon murya a WhatsApp ta faɗi duk wannan da bakinta, a tura wa shaidun, kafin a samu a rubuta. Duk ranar da aka rage wani abu a rubuta a bayan takardar. Ranar da aka gama biya a yaga ta a gaban juna, don kada bayan ranki 'ya'yanki su tsinci takarda a ƙasan akwati su je suna bin wanda ya riga ya biya.

Iyayen adashe, ku ma da ku nake. Kuɗin mata talatin yana hannunki, lissafin yana kanki. In kika kwanta ciwo yau, wa ya san wadda ta kwasa da wadda ba ta kwasa ba? Wadda ta kwashi farko bashi ne a kanta har zagaye ya ƙare. Littafi ɗaya a hannunki, ɗaya a hannun wata. Haka dillalai masu ba da atamfa da kayan ɗaki a biya da kaɗan kaɗan. Uwa ta yi wa 'yarta gado da kujeru da bashi, biki ya watse, shekara biyu ana jayayya kan saura nawa.

Na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ƙungiya, kuma zan faɗa ko ba za a ji daɗi ba. Duk lokacin da aka kawo fom aka ce na tallafin mata ne, ko daga wace gwamnati, ko daga wane banki, ko ta hannuna ya biyo, ki yi tambaya ɗaya kafin ki ba da hotonki da lambar BVN: kyauta ne ko bashi? Mun ga shirin ba manoma rance na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, manoman shinkafa da yawa suka karɓi taki da iri da injin ban ruwa a zaton rabonsu ne na gwamnati, sai daga baya aka zo neman biya. Mun ga TraderMoni na naira dubu 10 a 2018, shi ma rance ne, amma mata nawa aka yi wa bayani? Wani rancen kuma na rukuni ne, in ɗaya ta gudu sauran ne za su biya. Kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. Nawa ne, yaushe za a biya, akwai ƙari a kai, wa ya tsaya wa wa. Duk shugabar da ta ji haushi don kin yi wannan tambayar, ki kawo mini maganarta. Kuma kada ki ba wani sunanki ya karɓi bashi da shi, ko ɗan cikinki ne, sai da takarda tsakaninku, don ranar biya sunan da ke fom shi ake nema.

Shugabannin mazaɓu, ga aikinku kafin zama na gaba. Kowace ta samo yarinya ɗaya ko biyu masu kyan rubutu da riƙon sirri a unguwarta, mata su san su, don duk mai bukata ta aika a kira. Kowane rukunin adashe ya zo da littafinsa mu gani. Waɗanda kuma suke da tsohon bashi na baki, wanda ake bi da mai bi duk suna raye, a zauna a cikin satin nan tun kafin a fara neman kuɗin takin rani, a tuna wa juna adadin, a rubuta shi da kwanan watan yau. In an samu saɓani a lissafi, a kira malamar Islamiyya ko mai unguwa a daidaita, abin da aka tsaya a kai shi za a sa wa hannu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.